Yadda ake tantance tambayoyin auna damuwa kafin a yi wa Bahaushe

Duk wanda ya bi Titin Zariya da sassafe ta Gyaɗi-Gyaɗi zai ga yadda jama'a ke kwarara zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Malam. Mafi yawansu larurar jiki ce ta kawo su: hawan jini, ciwon suga, ciwon baya ko awon ciki. Kowace daga cikin waɗannan tana da abin auna ta. Akwai na'urar da ake ɗaurawa a dantse, akwai tsinken ɗibar jini a yatsa, akwai sikeli.

Amma idan abin da ke cin mutum a zuci yake, babu na'urar da za a ɗora masa ta nuna lamba. Abin da masana lafiyar ƙwaƙwalwa suke da shi shi ne tambaya. Sukan tsara jerin tambayoyi, su ba kowace amsa maki, su haɗa makin, sannan su ce wannan yana cikin walwala, wancan kuwa yana buƙatar a ƙara duba shi.

Kusan duk fitattun jerin tambayoyin nan da Ingilishi aka rubuta su, kuma a kan Turawa aka fara gwada su. Ɗan kasuwar Tarauni, da mai gyaran waya a Farm Centre, da ma'aikaciyar da ke zaune a Darmanawa, da Hausa suke jin zafin abin da ke damunsu, da Hausa kuma suke ɓoye shi. Saboda haka, kafin a yarda da lambar da irin wannan takarda ta bayar a kansu, sai an yi wani aiki da masana ke kira tantance inganci. Idan aka tsallake shi, ana iya sallamar mara lafiya a ce lafiyarsa ƙalau, ana kuma iya liƙa wa mai lafiya sunan ciwon da ba shi da shi.

Abin da takardun suka ƙunsa

Mafi gajarta a cikinsu ita ce WHO-5, wadda ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya gabatar a 1998. Jimloli biyar ne kacal, duka a kan makonni biyu da suka wuce: ko mutum ya kasance cikin fara'a, ko hankalinsa a kwance yake, ko yana jin kuzari, ko yakan tashi daga barci a wartsake, da kuma ko harkokinsa na yau da kullum suna ba shi sha'awa. Kowace jimla tana da maki daga 0 zuwa 5. Idan aka haɗa, mafi yawa shi ne 25, sai a ninka sau huɗu ya zama 100. Wanda makinsa ya gaza 13 cikin 25, ana ɗaukar walwalarsa ta yi ƙasa, ana kuma ba da shawarar a bincike shi.

Sai PHQ-9, wadda wasu masanan Amurka uku, Kroenke da Spitzer da Williams, suka wallafa sakamakon gwajinta a 2001. Tambayoyi tara ne a kan alamomin ciwon damuwa, irin su rashin sha'awar komai, matsalar barci, kasala, canjin cin abinci, ganin kai a matsayin wanda ya gaza, da tunanin gara mutuwa. Makinta daga 0 zuwa 27 ne, kuma 10 ce iyakar da aka fi amfani da ita.

Akwai kuma SRQ-20, tambayoyi 20 masu amsar i ko a'a, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara musamman domin ƙasashe masu tasowa. Akwai ta Edinburgh ta 1987, mai tambayoyi 10, da ake yi wa masu jego. Akwai HADS ta 1983, mai tambayoyi 14, da aka yi domin masu jinyar ciwon jiki a asibiti.

Dalilin da ya sa ake buƙatar su a Najeriya a fili yake. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a cikin gida ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Ƙaramar Hukumar Tarauni kaɗai an ƙidaya mata mutum sama da 220,000 tun a 2006. Babu yadda za a yi kowa ya ga ƙwararre. Tun a 1991 manufar gwamnati ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Idan har ma'aikaciyar ƙaramin asibitin unguwa ce za ta fara gano mai larura, to gajeriyar takardar tambayoyi ita ce makaminta.

Inda fassara ke tuntuɓe

A cikin HADS akwai tambayar da ke neman sanin ko mutum yakan ji tsoro kamar malam-buɗe-littafi na shawagi a cikinsa. Baturen Ingila ya san abin da ake nufi. Bahaushe kuwa, idan aka fassara masa ita kalma da kalma, ko dai ya yi dariya ko ya zaci maganar tsutsar ciki ake yi. Abin da ya sani shi ne faɗuwar gaba, ko ya ce cikinsa ya ɗuri ruwa. A PHQ-9 kuma ana tambayar ko mutum yana kasa mayar da hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Tsohuwar da ba ta yin ko ɗaya za ta ce a'a, alhali ta kwana biyu tana mantuwar raka'a nawa ta yi a sallah.

Matsala ta biyu ita ce yalwar kalmomi. Hausa tana da damuwa, da baƙin ciki, da ɓacin rai, da ƙunci, da takaici, da zullumi, da fargaba, kuma kowace da gurbinta. Damuwa tana iya zama ta kuɗin makarantar yara. Baƙin ciki yana iya nufin alhinin rashi, amma idan aka ce wane ɗan baƙin ciki ne, hassada ake nufi. Wanda aka tambaya ko yana baƙin ciki yana iya musantawa da ƙarfi domin kare mutuncinsa. Ɓacin rai kuwa ya fi kusa da fushi. Zaɓen kalma ɗaya a bar wata yana sauya yawan waɗanda za su ce i.

Ta uku ita ce tarbiyya. An horar da Bahaushe ya amsa gaisuwa da lafiya lau ko da a gadon asibiti yake kwance. An koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma yawan ƙorafi yana kama da rashin godiya ga Allah. Magidancin da jarinsa ya karye zai ce alhamdu lillahi, kuma har zuci yake faɗa, amma wannan bai hana shi kwana ido biyu ba. Matar da aka yi wa tambaya a gaban mijinta ko surukarta, amsar da za ta bayar daban take da wadda za ta bayar idan ita kaɗai ce da ma'aikaciya.

Saboda haka sau da yawa jiki ne ke magana a madadin zuciya. Mutum zai ce kansa yana zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, jikinsa ya mutu, ko wani abu yana yi masa yawo a jiki. Takardar da ba ta tambayi waɗannan ba tana iya wuce shi. Wadda kuma ta cika tambayar jiki tana iya kama mai zazzaɓin cizon sauro ko mai ƙarancin jini ta ce damuwa ce. Har lokacin da aka yi tambayar yana da tasiri: duk wanda aka tambaya a watan azumi ko barcinsa da cin abincinsa sun sauya, zai ce sun sauya.

Akwai kuma tambayar tunanin kashe kai. Addini ya haramta shi, al'ada tana ƙyamarsa, kuma dokokin laifuka da Najeriya ta gada tun kafin da kuma lokacin samun 'yanci sun lissafa yunƙurinsa cikin laifuka, kamar yadda yake a sashe na 231 na dokar Penal Code ta Arewa. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci wajen ceton rai, ita ce mutane suka fi gudun amsawa.

Matakan tantancewa

Hanyar da aka fi bi a yau ta samo asali ne daga aikin Richard Brislin na 1970 a kan fassara da mayar da fassara, sannan Dorcas Beaton da abokan aikinta suka tsara ta mataki-mataki a 2000.

Da farko mutum biyu waɗanda Hausa ce harshen uwarsu za su fassara takardar, kowa shi kaɗai. Ana so ɗaya ya san fannin lafiya, ɗayan kuma ya zama bai san shi ba, domin ya kawo maganar da talaka ke yi. Sai a zauna a haɗa fassarorin biyu su zama ɗaya. Daga nan wasu mutum biyu da ba su taɓa ganin takardar asali ba za su mayar da Hausar zuwa Ingilishi. Idan abin da ya dawo ya saɓa wa na asali, an gano inda ma'ana ta zube. Sai kwamitin masana, da ya haɗa da likitoci da masana harshe da masu fassarar, ya daidaita. A ƙarshe a gwada ta a kan mutum 30 zuwa 40 daga cikin waɗanda aka yi ta dominsu, ana tambayar kowa abin da ya fahimta da kowace jimla.

A ƙasar Hausa wannan mataki na ƙarshe yana da ƙarin nauyi. Da yawa daga cikin masu amsawa karanta musu ake yi, ko don ba su yi boko ba, ko don ajami suka fi iyawa. Jimlar da ta yi kyau a rubuce tana iya yin tsawo a kunne. Zaɓin amsa guda shida, daga kowane lokaci zuwa ko sau ɗaya, yana da wuyar riƙewa ga mai saurare. Sannan Hausar Kano ba ita ce ta Sakkwato ko ta Maraɗi ba, kuma kalmar da Bakano ya ji daidai tana iya zama baƙuwa ga Basakkwace.

Bayan fassara sai gwajin lissafi, kuma a nan 'yan kasuwa sun fi kowa saurin fahimta. Abu biyu ake nema ga mudu. Na farko, ya riƙa ba da awo ɗaya kullum. Na biyu, awon ya zama na gaskiya. Mudun da aka buge wa gindi yana cika sharaɗin farko, domin yau da gobe da jibi abu ɗaya zai auna, amma kullum tauye mai saye yake yi.

Domin gwada sharaɗin farko, akan yi wa mutane tambayoyin, a sake yi musu bayan mako ɗaya ko biyu, a ga ko makin ya tsaya a wurinsa ga waɗanda halinsu bai sauya ba. Akan kuma duba ko tambayoyin suna tafiya tare, ta amfani da lissafin da Lee Cronbach ya fitar a 1951, wanda ake kira alfa. Ana son ya kai 0.7 ko ya haura.

Sharaɗi na biyu ya fi wuya. Sai an ɗauki rukunin mutane, a yi musu tambayoyin, sannan ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa wanda bai ga makinsu ba ya zauna da kowannensu ya yi cikakken bincike. Daga nan a kwatanta: cikin waɗanda likita ya tabbatar suna da ciwon, nawa takardar ta kama? Cikin masu lafiya, nawa ta bari suka wuce? Da wannan ake tsayar da iyakar maki, kuma iyakar da ta dace da Amurka ba lallai ta dace da Unguwa Uku ba.

Ko takardar da ta ci wannan jarrabawa tana kuskure. A gwajin PHQ-9 na 2001, iyakar maki 10 ta kama kashi 88 cikin 100 na masu ciwon, ta kuma wanke kashi 88 cikin 100 na masu lafiya. A ƙaddara an yi wa mutum 1,000 tambayoyin, kuma 100 daga cikinsu ne ke da ciwon a haƙiƙa. Takardar za ta kama 88, ta kuskure 12. Cikin 900 masu lafiya kuma za ta nuna 108 a matsayin masu alama. Ke nan mutum 196 za ta ware, kuma fiye da rabinsu ba su da ciwon. Wannan ya sa masana ke nanata cewa aikin takardar tacewa ne kawai, kamar rariya, hukunci kuwa na likita ne. Shi ya sa kuma ya kamata mai karatu ya yi hattara da kanun labarin da ke cewa kashi kaza na ɗalibai ko ma'aikata suna da ciwon damuwa, idan da takardar tambayoyi kaɗai aka samo adadin.

Abin da aka yi a gida

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jinyar masu larurar ƙwaƙwalwa a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, ya haɗa gwiwa da masana Jami'ar Cornell ta Amurka suka yi bincike a ƙasar Yarabawa da aka wallafa a 1963. Wani ɓangare na aikin shi ne gano yadda Yarabawa da masu maganin gargajiyarsu ke kiran waɗannan larurori. A 1990 Oye Gureje da abokin aikinsa sun gwada takardar GHQ-12 a wani ƙaramin asibiti a Ibadan. A 1994 O. A. Abiodun ya gwada HADS a Ilorin. A 2006 Abiodun Adewuya da abokan aikinsa sun gwada PHQ-9 a kan ɗaliban jami'a.

Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na ƙasa da Gureje ya jagoranta a farkon shekarun 2000 ya yi amfani da tambayoyin da aka fassara zuwa harsunan gida, har da Hausa. Sakamakon yankin masu jin Yarabanci da aka wallafa a 2006 ya nuna kashi 12.1 cikin 100 sun taɓa fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu, kashi 5.8 kuma a cikin shekarar da ta gabata. Adadin ya yi ƙasa ƙwarai idan aka kwatanta da na Amurka da wasu ƙasashen Turai. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko larurar ce ba ta da yawa, ko kuwa mudun ne bai ɗebo duka ba.

A Kano, wani kaso mai yawa na wannan aiki daga hannun masana gashin ƙashi na Jami'ar Bayero ya fito, jami'ar da Asibitin Malam, wanda aka kafa a 1988, yake horar da ɗalibanta na fannin lafiya. Dalilin bai da wuyar ganewa. Su ne ke ɗaukar watanni tare da mai shanyewar ɓarin jiki ko mai ciwon bayan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suna kuma gani da ido yadda karayar zuciya ke hana jiki murmurewa. A 2015 Ashiru Hamza Mohammad da abokan aikinsa na Jami'ar Malaya ta Malesiya sun wallafa gwajin fassarar Hausa ta wata takarda mai auna tallafin da mutum ke jin yana samu daga na kusa da shi, a tsakanin masu shanyewar ɓarin jiki a Kano. A 2020 Aminu Ibrahim da Mukadas Akindele da abokan aikinsu sun wallafa gwajin fassarar Hausa ta SF-12, tambayoyi 12 masu auna lafiyar jiki da ta zuciya, a tsakanin masu ciwon baya na birni da na karkara.

Ita takardar tallafin ta nuna irin sarƙaƙiyar da ke cikin aikin. A asalinta ta 1988 ta raba masu tallafi gida uku: dangi, abokai, da wani mutum na musamman. Ga Ba'amurke, na ukun yakan zama masoyi ko abokin zama. A gidan Bahaushe, inda matar mutum sau da yawa 'yar uwarsa ce, amininsa kuma surukinsa ne ko abokin kasuwancinsa, shata iyaka tsakanin gidajen uku ba ƙaramin aiki ba ne.

Wani abin lura shi ne takardar da aka tantance a kan masu ciwon baya ba ta zama tantacciya ga masu jego ko 'yan sakandare ba. Kowane rukuni yana buƙatar nasa gwajin.

Darasi daga Turkiyya da Zimbabuwe

Turkiyya ƙasa ce ta Musulmi mai harshenta na kanta, kuma ta daɗe da mayar da wannan aiki al'ada a jami'o'inta. A ƙarshen shekarun 1980 Nesrin Hisli ta gwada fassarar Turkanci ta takardar Beck mai auna ciwon damuwa, kuma iyakar maki 17 da ta fito daga aikinta ita masu binciken ƙasar suka riƙa amfani da ita. A 2019 Erhan Eser da abokan aikinsa sun wallafa gwajin WHO-5 ta Turkanci a kan manya da tsofaffi. A can, ɗalibin da zai yi bincike yakan fara da neman takardar da aka riga aka tantance da harshensa.

Tun a 1985 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Danmak, Gretty Mirdal, ta rubuta a kan matan Turkiyya 'yan ci-rani da ke kokawa da wani hali da suke kira sikinti, wato matsewa a ƙirji da zuciya. Duk mai jin Hausa zai gane ƙunci ke nan. Kalma ɗaya ce ta haɗa jiki da rai, abin da takardun Turawa suka saba rabawa gida biyu.

Zimbabuwe kuwa wata hanyar ta bi. Maimakon fassara, Vikram Patel da abokan aikinsa sun tattara kalmomin da masu jin harshen Shona ke amfani da su a ƙananan asibitoci da wurin masu maganin gargajiya, suka gina takarda mai tambayoyi 14 da aka wallafa a 1997. Cikin tambayoyinta akwai ta kufungisisa, wato yawan tunani. Da ita shirin Bencin Abota na Dokta Dixon Chibanda, wanda ya fara a birnin Harare a 2006, yake tace masu zuwa wurin tsofaffin matan da aka horar su saurari matsalolin jama'a. Yawan tunani kalma ce da kowane gida a Kano ya sani, har akan ce shi ne ya sa wa wane hawan jini.

Walwala a idon wa?

Akwai tambayar da ta fi ta fassara zurfi. A 1989 Carol Ryff ta Amurka ta tsara ma'aunin walwalar zuciya mai ginshiƙai shida, ciki har da cin gashin kai, wato mutum ya tsaya a kan ra'ayinsa ko da jama'a sun saɓa masa. A wurinta wannan alamar lafiya ce. A Kano, matashin da ya ce ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakin mahaifinsa zai sami maki kaɗan a wannan ginshiƙi, alhali a unguwarsu shi ne abin misali.

A 1974 Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa mai suna Mutumin Kirki, inda ya lissafa halayen da Hausawa ke auna nagarta da su, irin su gaskiya, amana, haƙuri, kunya, ladabi da mutunci. A 1988 kuma Lewis Wall ya nuna a littafinsa kan magungunan Hausawa cewa kalmar lafiya ta wuce rashin ciwo, ta haɗa da zaman daidai tsakanin mutum da iyalinsa da jama'arsa. Bahaushe yana da nasa sunayen na walwala: kwanciyar hankali, rufin asiri, wadatar zuci. Ma'aunin da bai taɓo waɗannan ba, ko da fassararsa ta yi kyau, wani ɓangare kawai yake aunawa.

Abin da ya kamata mai amsawa ya sani

Irin waɗannan takardu sun fara fita daga asibiti. Ɗaliban jami'a suna kai su ofisoshin gwamnati da kasuwanni domin binciken kammala karatu, ƙungiyoyin agaji suna yawo da su a unguwanni, wasu kuma suna zuwa ta WhatsApp da alƙawarin faɗa wa mutum halin ƙwaƙwalwarsa cikin minti biyu.

Wanda aka kawo wa irinta yana da haƙƙin ya san wanda ya aiko ta, da abin da za a yi da amsarsa, da ko kwamitin ɗa'ar bincike ya amince da aikin, kamar yadda ƙa'idar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta tanada. Yana da haƙƙin ya ƙi amsawa, ko ya tsaya a tsakiya, ba tare da an hana shi magani ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman. Kanawa ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, da doguwar shari'ar da ta biyo baya a kan batun neman izini, don haka tambayar wa ya aiko ka ba rashin ladabi ba ce.

Yana da kyau kuma ya tambaya ko takardar rubutacciyar Hausa ce da aka gwada, ko kuwa mai tambayar ne ke fassarawa da ka yayin da yake karantawa. Idan ma'aikata biyar suna fassarawa kowa da tasa Hausar, to mudu biyar ake awo da su a kasuwa ɗaya.

Idan kuwa a asibiti ne, tsakanin mutum da ma'aikacin lafiya, amsar gaskiya ita ce mai amfani. Maki mai yawa ba ya nufin hauka, ba ya kuma nufin raunin imani. Yana nufin akwai dalilin a zauna a yi magana. Wanda ya shafe fiye da mako biyu barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, sana'ar da yake so ta zame masa kaya, ko tunanin cutar da kansa yana zo masa, kada ya jira wata takarda. Ya sanar da wani na kusa da shi, ya kuma je asibiti mafi kusa. Asibitin Malam yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Dawanau da aka keɓe domin wannan aiki.